Ranar da Na Ce wa Wana Ya Ɗaga Anga

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji. An ce muku ubanku ya kori wansa a tsakiyar teku a gaban Larabawa, kuma da wannan baƙin cikin Baffanku Isiyaku ya tattara ya koma Sudan. A cikinku ba wanda ya taɓa tambayata, domin kun san halina, ba a cika tada mini zancen da ba na so a kwashe lafiya ba. Mahaifiyarku Rakiya, Allah ya ji ƙanta, ita ta san komai, ta kuwa tafi da shi a cikinta. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, ido ya fara hazo, teku ma sai dai in jiyo warinta idan iska ta kaɗo unguwarmu ta Nuzla a nan Jidda. Da Hausa zan rubuta muku, ko da yake na san sai kun nemi mai karanta muku, ku da kuke fara magana da Hausa ku ƙarasa da Larabci.

A Maiurno ta ƙasar Sudan aka haife mu, a bakin kogin Nilu. Ban san mahaifinmu ba sai a labari, Yaya Isiyaku na buɗe ido na gani. Shi ya ciyar da ni, shi ya kai ni makarantar allo, shi ya ɗora hannuna a kan filafili tun ban kai in ga gaban jirgi ba sai na yi ɗage. A can gida, idan rana ta yi sanyi, kowane dangi sukan ɗaure jiragensu gefe da gefe, har mutum ya taka daga na wansa ya shiga na kawunsa ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba. Kogi hanya ɗaya yake ja, saboda haka duk jiragen fuska ɗaya suke kallo har gari ya waye. Idan ka ga wani ya ɗaure nasa can nesa shi kaɗai, ba sai ka tambaya ba, ko baƙo ne ko kuwa an yi faɗa a gidansu. Da wannan muka girma, ni da shi.

Ina saurayi na biyo ayarin alhazai ta Sawakin na ƙetaro, na yi aikin Hajji, na kuma maƙale a Jidda kamar yadda da yawa suka maƙale. A wancan zamani manyan jiragen alhazai ba duka ke samun wurin tsayawa a bakin gaɓa ba. Can waje suke tsayawa, bayan duwatsun cikin ruwa da ake kira sha'ab, mu kuma masu ƙananan jirage mu je mu kwaso mutane da kayansu. A hannun wani ɗan Yaman mai suna Salim na koyi aikin, mutum mai zafin baki da tsabtar zuciya. Abu na farko da ya cusa mini a ka shi ne, jirgi a kan anga, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe shi, ba ya zama wuri ɗaya. Kamar akuya yake a turke, duk inda igiyarsa ta kai, nan ma wurinsa ne. Iskar arewa ita ce ta yau da kullum, amma akwai ta kudu mai zafi da nauyi wadda suke kira azyab. Idan ta juyo, kowane jirgi sai ya kewaye angarsa ya koma ɗaya ɓangaren, mai nauyi a hankali, marar nauyi da sauri, mai doguwar igiya ya share fili mai faɗi. Waɗanda suka matsi juna a nan suke haɗuwa, katako ya ci katako.

Saboda haka masu jirage suna da ladabinsu, ba a rubuce yake ba amma kowa ya san shi. Wanda ya riga sauke anga shi ke da wurin. Wanda ya zo daga baya sai ya rage gudu, ya yi sallama, ya tambayi yawan igiyar da aka saki, sannan ya sauke tasa a bayan mutane, ba a kan igiyarsu ba. Idan wuri ya matse, na baya ne zai ɗaga, ko da shi ya haifi na farkon. Idan kuwa mutum ya yi kunnen ƙashi, akwai magana ta ƙarshe. Sai ka miƙe tsaye ka faɗa masa da Larabci, da murya yadda jiragen kusa za su ji, cewa ka riga shi, ya ɗaga. Daga nan ka kafa shaidu, duk abin da ya faru a wuyansa yake. Ba a yawan faɗin ta, domin wanda aka faɗa wa yakan daɗe bai ɗaga kai a cikin mutane ba.

Na riga na zama rayyis, wato shugaban jirgi, na yi aure, kai Usmanu kana goye, sai ga Yaya ya zo Hajji da matarsa Yaya Hansatu. Ni na hana shi komawa. Na roƙe shi, na sa Rakiya ta roƙi Hansatu, har ya haƙura ya zauna. Gidanmu na Nuzla a lokacin na katako ne da kwano, ɗaki biyu suna kallon juna, tukunya ɗaya, tabarma ɗaya a tsakar gida. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan watanni ba. In dawo daga ruwa in tarar da wana zaune yana gyaran igiya, yana tsokanar Rakiya a kan miyarta wai gishirin teku ya shiga hannunta. Teku ma bai bar ta ba.

"Ado, ruwan da ba a sha, ba a ban ruwa da shi, ba a wanke riga ta fita, me kuke yi da shi?"

"Ci muke yi da shi, Yaya."

"To Allah ya ba ku haƙuri."

Na samar masa aiki a jirgin dakon kaya. Ba a daɗe ba aka damƙa masa jirgin, domin wajen sarrafa jirgi ban ga wanda ya fi shi hannu ba, har a cikin Larabawan. Maganar anga na yi masa ita a gida ba sau ɗaya ba. Yakan gyaɗa kai irin yadda babba ke gyaɗa wa yaro kai, ya ce shi da ya koya mini riƙon filafili yau ni zan koya masa tsayar da jirgi. Sai mu yi dariya, zancen ya wuce.

Ranar da abin ya faru lokacin shigowar alhazai ne, bayan azahar. Na kwaso mutanen tsibirin Jawa daga wani babban jirgi, yawancinsu tsofaffi, jirgina ya cika har ruwa ya kusa kai baki. Da muka doso gaɓa sai aka ɗaga mana hannu mu dakata, wurin sauka ya cunkushe. Na sami fili a cikin sha'ab na sauke anga, Salim yana can gefe da nasa jirgin, da wasu jirage a warwatse kowa ya ba kowa wuri. Tsofaffin nan sun galabaita. Wata tsohuwa a kusa da ni ta yi amai har ta gaji, ta riƙe bakin jirgi da hannu biyu, yatsunta a waje. Can sai na ji iskar arewa ta ɗauke cak. Gumi ya tsaya a jiki, sararin kudu ya yi ja-ja. Na dubi Salim, shi ma kudun yake kallo.

A daidai nan sai ga Yaya ya taho da jirginsa, shaƙe da akwatunan ƙarfe da buhunan shinkafa. Tun daga nesa yake murmushi. Ya wuce fili mai kyau a bayan Salim, ya zo gabana ya jefa angarsa ta haye igiyata, ya saki tasa a hankali har gefen jirginsa ya zo ya jingina da nawa. Yadda ya yi shi, da a Maiurno ne da an yaba masa. Ya ɗago wani kwano ɗaure a cikin tsumma.

"Ado, miƙo hannu. Hansatu ta ce ba ka karya ba ka fita, ga dambu ta ba ni in kawo maka."

"Sannu Yaya, Allah ya saka da alheri. Amma Yaya, angarka ta hau igiyata."

"To sai me? Igiyar ƙanina ce."

"Iska za ta juya, Yaya. Don Allah ka ɗan ja baya, ga fili can bayan Salim."

"Ga ɗan'uwana a nan, in je in raɓe da bare? Zauna mu ci abinci."

Na rage murya na sake roƙonsa. Na nuna masa kayan da ya ɗauko, na nuna masa mutanen da na ɗauko. Ya ce shi bai ga iska ba, idan ta zo ai muna da hannu, sai mu tokare. Salim ya ƙwala mini kira ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya nisa, na yi kamar ban ji ba. Yaya ya zauna ya fara kwance tsumman kwanon. Sai wata 'yar igiyar ruwa ta shigo, ba ma babba ba, ta ɗaga jirginsa ta sauke a jikin nawa. Tsohuwar nan Allah ne ya sa ta janye hannunta za ta share baki, katakon ya daki daidai inda yatsunta suke. Ba ta ma san abin da ya wuce ta ba, ni na gani.

Na miƙe tsaye. Na ɗaga murya yadda jiragen kusa za su ji.

"Ya rayyis, ana sabagtak. Irfa' burusik."

Ma'ana, ya shugaban jirgi, na riga ka, ɗaga angarka. Har masu hira a jiragen nesa suka juyo. Yaya ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kamar dai yana son ya tabbatar ni ne. Sannan ya mayar da murfin kwanon, ya ɗaure tsumman da kyau, ya ajiye shi a cikin jirgina. Ma'aikatansa suka taso za su ja anga ya ɗaga musu hannu, shi kaɗai ya ja ta. Ta fito ɗauke da igiyata, ya sunkuya ya zare igiyar a hankali ya mayar mini da ita ruwa. Bai tsaya a bayan Salim ba. Ya wuce duk jiragen, ya je can ƙarshe inda ba kowa, ya sauke.

Ga abin da zan gaya muku ko da yake ba ya taimakona: iskar ba ta juya ba. Jan sararin ya washe, ta arewa ta dawo abinta, kafin la'asar sakaliya mun sauke kowa lafiya. Da azyab ta zo a ranar, da wataƙila Yaya ya gani da idonsa, mu koma gida ya zage ni ya huce. Allah bai nufa ba.

Washegari da safe na fito na ga murhu biyu a tsakar gida. Hansatu tana gefe tana hura nata, ba ta ɗago ba. Rakiya ta ja ni ɗaki.

"Malam, da ka yi ta faɗa masa da Hausa."

"Na faɗa, Rakiya. Na faɗa har na gaji."

"To kai me ya hana ka ɗaga taka ka bar masa wurin? Ai wanka ne."

Wannan tambayar ku ma na san tana ranku. Angarsa a kan igiyata take, ba yadda zan ɗaga tawa sai ya ɗaga tasa. Da kuma zan yanke igiya in saki jirgi cike da tsofaffi a tsakiyar sha'ab ba iska, da duwatsu za mu je mu samu. Na yi wa Rakiya wannan bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce ta gane, amma ba ita ce ke bukatar ganewa ba. Ta jiyo Hansatu tana cewa mijinta bai runtsa ba, kuma ba tashin da aka yi masa ne ya fi cin ransa ba.

Malam Tanko, limamin zawiyarmu, shi ya tara mu bayan sallar la'asar ranar Juma'a. Dattawan unguwa suna nan, da wasu samari namu da suka fara shiga aikin jirgi a shekarar, duk 'yan kogi kamar mu. Yaya bai dube ni ba, da Malam yake magana.

"Malam, yaron nan a bayana ya yi barci har ya girma. Ran nan a gaban Larabawa bai sami sunan da zai kira ni ba sai ya rayyis. Ka tambaye shi, iskar da ya ce za ta zo, ta zo?"

"Ba ta zo ba, Yaya."

"To ya faɗa a gaban mutanen nan cewa kuskure ya yi, da ma ba abin da zai faru. Halas, magana ta ƙare."

Malam Tanko ya miƙo ƙafa ya taka nawa a hankali, wato in faɗa a wuce wurin. Wallahi bakina ya buɗe zai faɗa. Sai idona ya kai kan samarin nan, sun zuba mini ido, gobe kowannensu zai fita ruwa ɗauke da iyayen wasu. Idan na ce ba komai ne a jingina jirgi da na ɗan'uwa, sun ji daga bakin rayyis. Na sauko daga tabarma na durƙusa a gaban Yaya.

"Yaya, ka yafe mini ɓacin ran da na sa ka. Ka yafe mini sunan da na kira ka, ba ni da uba sai kai. Duk abin da ka ce in yi zan yi. Amma in ce angar nan daidai ta sauka, wannan ba zan iya ba."

Yaya ya miƙe. Sannan ya ce wa Malam ya gode, ya ɗauki takalmansa ya fita. Dattawa suka yi ca a kaina, wani ya ce taurin kaina zai kai ni inda ba na so. Bai yi ƙarya ba. Da aikin Hajji ya ƙare Yaya ya ɗaure kayansa. Na ce ni zan kai su bakin babban jirgin Sawakin, ya aiko Hansatu ta ce an gode, sun riga sun yi magana da Salim. Na bi su a baya da jirgina ba kowa a ciki, na tsaya daga nesa har na ga farar hularsa ta hau matakala ta shige. Na yi kuka a ranar, ban ɓoye wa ma'aikatana ba.

Ban ce muku Baffanku mugun mutum ne ba, kada wanda ya kuskura ya fahimce ni haka. Abinci ya kawo mini. A saninsa, matsowa kusa da ni ita ce ƙauna, ni kuwa na miƙe na tura shi nesa da harshen da ba namu ba. Idan 'ya'yansa suka zo Umara suka faɗi abin da suka ji, ku ba su masauki, ku ba su abinci, kada ku yi musu gardama. Ni dai na sha juya abin nan a raina ta kowace fuska, kuma da za a mayar da ni cikin jirgin nan da tsohuwar nan a gefena, abin da na faɗa shi zan sake faɗa. Sanin haka bai taɓa rage mini zafin ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Duk wanda zai koma Maiurno sai na ba shi turmin yadi da ruwan zamzam da dabino ya kai. Ana karɓa, godiya kuma ta dawo da sunan Hansatu. Aka gama sabuwar tashar jirage, aikinmu ya mutu, na koma gadin wani shago a unguwar Sharafiyya. Da furfura ta cika mini kai sai Rakiya ta ce in tashi in je, tunda dai ba wanda ya san gawar fari a cikinmu. Na je, ashe shekararsa ta ƙarshe ce a duniya.

Na same shi a ƙofar gida, ya rame, yana dogara sanda. Na durƙusa na ce Yaya, ga Ado ya zo. Ya kama kafaɗata ya tashe ni, ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Hababak ya Hajj Adam. Itfaddal."

Maraba ya yi mini, irin wadda ake yi wa babban baƙo. Ya sa aka yanka rago, aka shimfiɗa mini gado mafi kyau a zaure, maƙwabta suka yi ta zuwa gaishe da alhajin Makka. Kullum yakan fito ya zauna da ni, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi zafin Jidda, ya zuba mini shayi da hannunsa. Ina yi masa Hausa, yana mayar mini da Larabci. Na tuno masa da mahaifiyarmu, na tuno masa da ranar da na faɗa kogi ya tsamo ni da gashin kai, ya yi murmushi ya ce Allah karim. Hansatu ta kawo mini abinci wata rana ta tsaya kamar za ta yi magana, sai ta share ido da bakin mayafi ta koma ciki.

Ranar da zan tafi, da hantsi, na zaga bayan zaure da buta zan yi alwala. Zana ce kawai tsakanina da cikin gida. Sai na ji muryarsa, yana tsokanar wata 'yar jikarsa da ta zubar da kunu a zaninta.

"Ke dai anya za ki yi hankali? Zo nan, zo in goge miki. Kunun ma ai ya gaji da ke, shi ya sa ya gudu."

Yarinyar tana dariya, shi ma yana dariya. Muryar nan ce da na sani tun ina ƙarami, ba abin da ya canza a cikinta. Na tsuguna a wurin ban motsa ba, butar ta karkace a hannuna ruwan ya tsiyaye ƙasa ban sani ba. Mai mota yana ta danna ƙaho a bakin hanya, ni kuwa ina roƙon Allah yarinyar ta ƙara yin wata ɓarnar don ya ci gaba da magana. Wannan ita ce Hausar wana ta ƙarshe da na ji, kuma ba da ni yake yi ba.